Famfon unguwa a hannun ƴan fada: yadda aka yi a wata unguwar Damagaram

Duk wanda ya taɓa kwana a Damagaram da bazara ya san ƙarar jarka. Garin a kan dutse yake zaune, irin dutsen da ba ya ajiye ruwa a ƙarƙashinsa, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Ruwan da muke sha daga wajen gari ake turo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza, daga baya aka ƙaro na Ganaram. Duk da haka, a unguwarmu da zarar zafi ya kankama famfo yakan wuni a bushe. Sai can tsakar dare, wajen ƙarfe biyu ko uku, za ka ji bututu ya fara tari, ya fesar da iska, sannan ruwa ya biyo baya siriri. Wanda ke barci a lokacin, kashegari sai ya saya a hannun ƴan garuwa.

Ni malamin makaranta ne, kuma ina cikin kwamitin unguwa. Abin da zan kawo nan labarin famfo ɗaya ne da samari goma sha huɗu, yadda na gan shi da idona cikin wajen shekara biyu. Ba zan faɗi sunan unguwar ba, ko na fadar, ko na mutanen, domin a ciki akwai maganar da masu ita ba za su so a ji ta da sunansu ba.

Fadar da ke kallon famfo

Famfon na haya ne, irin wanda ake kafawa a bakin hanya a sayar wa jama'a. Wani dattijo ne ya daɗe yana riƙe da shi. Da ƙarfinsa ya ja baya ya kasa tashin dare, sai ya riƙa barin makulli hannun duk wanda ya samu. Kuɗi suka daina taruwa, takardar biyan kuɗin ruwa ta taru wata kan wata, ranar nan aka zo aka datse. Mata da ƴan mata suka koma tafiya unguwar maƙwabta da jarkoki a ka.

Daura da famfon, jikin wani bango, akwai fada. Tabarma biyu, benci ɗaya mai ƙafa uku da bulo, murhun shayi na waya, da sunan fadar an rubuta shi da fenti a bango. A gefe guda akwai ƙarfen ɗagawa da suka haɗa da kansu: sandar ƙarfe, an zuba siminti a gwangwani biyu an kafe a kowane ƙarshe. Yawancinsu daga shekara goma sha takwas ne zuwa ashirin da biyar. Uku suna kabu-kabu da babur ɗin haya, biyar ko shida suna sayar da man ruwa-ruwa, wato fetur ɗin da ake tsallakowa da shi daga Najeriya, a kwalabe, sauran kuwa sai abin da Allah ya hore. Mutanen unguwa suna gaishe su, amma ba wanda ke son ɗansa ya zauna nan.

Mai karatun da ba ɗan gari ba zai so a bambanta masa abu biyu. Fada majalisar samari ce ta hira da shayi da karta, ta yaɗu a garuruwan Nijar daga shekarun 1990. Daga baya wasu suka rikiɗe suka zama abin da ake kira pale, kalmar Faransanci mai nufin gidan sarauta, su ne aka sani da faɗan unguwa da unguwa, da adda, da ƙwaya. Tamu tana tsakiya. Ba su kai a kira su pale ba, amma shugabansu yana da tabon sara a kafaɗa, kuma ba a wajen noma ya samo shi ba.

Yawan irin waɗannan samari ba abin mamaki ba ne. Ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum 300,000 a birnin nan, kuma wajen rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 an sa rai sosai, amma aikin matata ba ya ɗaukar gari guda. Sannan ga abin da ya faru ran 16 ga Janairun 2015, ranar da zanga-zanga ta ɓaci aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, aka yi asarar rayuka. Tun daga nan ƙungiyoyi suka ƙara buɗe ido a kan samarin Damagaram, tarurrukan horo suka yawaita.

Samarinmu ma sun sha nasu. Wata ƙungiya ta ɗauki huɗu daga cikinsu ta kai su horon kwana biyar a kan shugabanci da zaman lafiya. Sun dawo da riga mai tambari, da takardar shaida, da kuɗin mota. Na tambayi ɗaya abin da suka yi, ya ce an raba su rukuni-rukuni, wani ya zama magajin gari, wani mai unguwa, aka yi sulhu tsakanin manomi da makiyayi a tsakiyar ɗaki mai sanyi. Na yi dariya a raina. A garin da ake Wasan Kara, inda samari ke fitowa ɗaya gwamna ɗaya minista har da masu tsaron lafiya, ai kwaikwayon mulki ba sai an koya wa kowa ba. Ba na cewa horon banza ne, don daga baya wasu kalmomi da suka ji can sun yi musu rana. Amma sun dawo ran Jumma'a, ran Asabar suna kan benci mai ƙafa uku, ba abin da aka damƙa musu da za su shugabanta.

Shawarar mai unguwa

Da kwamiti ya zauna kan maganar famfo, an yi karo-karo an biya bashin, sai aka tsaya a kan wa za a ba riƙo. Ni na kawo sunan wani ɗan kasuwa. Liman ya kawo ƙanensa. Mai unguwa, wanda ya yi samartakarsa a zamanin Saini Kunce, lokacin da samariya, ƙungiyar samarin unguwanni da ƙauyuka, ke da ƙarfi, ya bari kowa ya gama sannan ya ce a ba yaran fada.

Zauren ya yi tsit. Wani ya ce, "Ranka ya daɗe, kura za a ba ajiyar nama?"

Abin da ya amsa ya tsaya mini a rai. Ya ce ruwan nan da dare yake zuwa, kuma a duk unguwar su kaɗai ne ba sa barci da dare. Ya ce a zamaninsu sarkin samari ne ke fitar da su gayya, su yi yaɓen aji, su share maƙabarta, su haƙa magudanar ruwa, kuma wanda ya yi lalaci a gaban ƴan mata ake faɗa. Bayan Taron Ƙasa na 1991 samariya ta watse, ba a kuma sa wani abu a gurbinta ba. Ya ce mun bar yara da shayi, sannan muna zaginsu da shan shayi.

Ban yarda ba a ranar, amma na yi shiru. Aka sa sharaɗi uku. Kuɗin ruwa shi ne farkon abin da za a fitar kowane wata. Za a karanta lissafi a zauren mai unguwa duk Jumma'a bayan la'asar. Abin da ya yi saura kuma nasu ne, su san yadda za su yi da shi. Ni aka ɗora wa koya musu lissafin.

Mita, gawayi da jarkar budurwa

Daren farko da aka buɗe, na je da fitila. Na buɗe murfin mita na nuna musu lambobi: baƙaƙen su ake karantawa, jajayen ƙananan awo ne. Kowane ɗaya da ya ƙaru a baƙar lamba, lita 1,000 ce ta wuce. Jarka kuwa lita 25 take ci, ke nan jarka 40. Na ce, in mita ta ce uku, ku ce mini jarka nawa. Wanda ya fara amsawa yaron da aka kora daga makaranta tun aji huɗu ne, mai sayar da ruwa-ruwa. Ya ce ɗari da ashirin, bai ko ɗaga kai ba. Ashe mutumin da ya shekara biyar yana raba jarkar mai zuwa kwalabe ba ni zan koya masa awo ba.

Littafi ne ya ba su wuya. Makon farko da gawayi suka riƙa jan layi a bango, kowace jarka layi ɗaya, sai da safe a kwashe a kaye, wato littafin rubutu. Ran Jumma'a aka kwatanta: abin da mita ta nuna daban, abin da ke bango daban, abin da ke gwangwanin kuɗi daban. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ba a san inda ya shiga ba.

Nan aka yi zaman da na fi jin daɗinsa a duk shekara biyun. Mai unguwa bai yi faɗa ba, ya ce su nemo ruwan. Suka fara lissafo shi da bakinsu. Akwai na ɗaurayar jarka. Akwai wanda ke zuba tsakanin cire wannan da sa waccan. Akwai randar masallaci, wadda ba a karɓar kuɗinta. Akwai tsohuwar da ba ta da kowa. Sai ƙaraminsu ya ce, "Akwai kuma jarkar budurwa." Zauren ya fashe da dariya, har liman. Ashe kowa in tasa ta zo, sai ya kau da kai daga bango.

Su da kansu suka yanke: masallaci da tsofaffi uku kyauta, amma a rubuta. A sa ɗan guntun tiyo a bakin famfo don rage zuba. Wanda ke son ya burge budurwa ya zura hannu a aljihunsa ya biya dala biyar ɗinta. Dala biyar, ga wanda bai saba da ƙirgenmu ba, tamma ashirin da biyar ke nan na sefa. Ban taɓa ganin doka ta zauna da sauri kamar wannan ba, saboda kowa ya zama ɗan sandan ɗan'uwansa, da tsiya da dariya.

Layi ma sai da aka yi masa tsari. Da can mai ƙarfi ne ke fara ɗiba. Suka samo igiya doguwa, duk jarkar da ta zo tun yamma a zura ta ta hannunta, ta haka ba mai tsallake wani. Masu goyo da tsofaffi aka ware musu gefe. Rigimar ta taso ne daga ƴan garuwa, masu zuwa da kura cike da jarkoki. In ɗaya ya kafa kurarsa, kafin ya gama ruwan ya ɗauke. Wani dare aka yi cacar baki, shugaban fadar ya shaƙe wuyan rigar wani ɗan garuwa. Na tabbata da wata shida baya ne, da sai an kwana a likita. Amma ya saki. Ya gaya mini daga baya abin da ya tuna a lokacin: in ya doke shi, gobe mai unguwa zai karɓi makulli, kuma waɗanda suka ce an ba kura ajiyar nama za su yi dariya. Kashegari ya je har inda ƴan garuwa ke taruwa, ya zauna da babbansu. Aka shirya a kan jarka huɗu ga ɗan garuwa, sannan gida biyar su ɗiba, a sake zagayowa. Ƴan garuwa su ne manyan masu saye, korarsu asara ce, shi ma ya gane haka ba tare da na faɗa masa ba.

Wata biyar abu yana tafiya. Ana biyan kuɗin ruwa kan lokaci, ana raba ɗan abin da ya samu ga masu kwanan aiki. Sai ni, mai koyar da lissafi, na fara fashin zaman Jumma'a. Yau gyaran takardun jarrabawa, gobe ɗaurin aure. Mai unguwa ya yi jinya. Zaman ya koma sai an ga dama, daga nan ya mutu ba wanda ya yi masa sallah. Wannan laifina ne, kuma na faɗe shi a gaban jama'a.

Ranar da gwangwani ya yi sauƙi

Shekarar ta zo wa masu ruwa-ruwa da wuya. A ƙarshen Mayun 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, farashi ya tashi can, ribar kwalba ta zube nan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli kuma aka rufe iyaka, ta daɗe a rufe har cikin 2024. Garin da ke kallon Kano fiye da yadda yake kallon Yamai, in an toshe hanyar Matamaye da ta Magarya ai an shaƙe shi. Rabin fadar suka wayi gari ba sana'a. Gwangwanin famfo ya zama shi kaɗai ne kuɗin da suke gani kullum.

Da takardar wata ta zo, aka buɗe gwangwani, jaka goma sha takwas babu, wato sefa dubu goma sha takwas. Ma'aji ya yi ta rantsuwa, daga baya ya fashe da kuka ya ce shugaba ne ya karɓa, sau uku, da alkawarin zai mayar kafin ƙarshen wata. Mahaifiyarsa ce ba lafiya, an rubuta magani.

Aka taru a zaure. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wasu dattawa suka ce a kai shi wajen ƴan sanda. Biyu daga cikin samarin suka ce a bar musu shi su yi irin tasu. Ni kuwa na ce a karɓe makulli a ba ɗan kasuwan da na ambata tun farko, har ina jin wani ɗan daɗi a raina cewa maganata ta fito. Shi shugaban yana tsugune bakin ƙofa, bai musa ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Ya kafe ido a ƙasa, jijiyar wuyansa ta miƙe.

Wata Hajiya ce ta warware. Ita ke jagorancin asusun mata na unguwa, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 ya bazu ko'ina. Ba a gayyace ta ba, ta aiko a yi mata iso, ta tsaya daga bakin zaure. Ta ce da mai unguwa, "Baba, a yi mini izini in yi tambaya ɗaya. Kuɗin nan a me ake ajiye su?" Aka ce a gwangwanin madara, ƙarƙashin katifar ma'aji. Ta ce su mata sun fi shekara goma suna tara kuɗi, a cikinsu akwai wadda mijinta ya mutu, akwai wadda ba ta da na cefane, amma ko dala ba ta taɓa ɓata ba. Ta ce ba don sun fi kowa tsoron Allah ba ne. Akwatinsu kwaɗo uku gare shi, makullai a hannun mace uku, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Kuma suna da ɗan asusu daban na lalura, wanda mai mara lafiya ke ranta a fili ba tare da kunya ba.

Sai ta juya wajen shugaban. "Kai ɗan nan, da ka zo ka ce mini uwarka na kwance, da zan hana ka?"

Ya ce, "Inna, kunya na ji."

"To wannan da kake ciki yanzu me ce?"

A nan ne ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri, ga mai unguwa da fari, sannan ga ma'ajin da ya jefa cikin rantsuwar ƙarya. Hukuncin da aka yanke, samarin ne suka kawo shi bayan an ba su dare ɗaya su yi shawara. Zai biya jaka ɗaya duk mako har ya gama. Zai ci gaba da kwanan aiki ba tare da kaso ba. Zai sauka daga shugabanci, a yi zaɓe. Matan asusu suka ranta musu abin da aka cike kuɗin ruwa da shi, da sharaɗin su ma za su riƙa ajiye kuɗi a akwati mai kwaɗo, makulli ɗaya kuma zai zauna hannun Hajiya.

Mai unguwa ya ƙi maganata ta karɓe famfon. Da muka fito ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, wata nawa rabonka da zaman Jumma'a?" Ban sami amsa ba.

Abin da ban zata ba shi ne zamansa. Na ɗauka zai yi zuciya ya bar fadar, ko ya ja rabinsu su kafa wata, kamar yadda aka saba. Ya zauna. Mutumin da ake jin tsoronsa ya koma yana karɓar umarni daga yaron nan mai saurin lissafi, wanda aka zaɓa da ɗaga hannu, tara cikin goma sha uku. Makonnin farko ba ya yi masa magana sai ta bakin wani. Ya yi dako a Kasuwar Dole ranakun Alhamis, ya biya bashinsa cikin mako ashirin da biyu maimakon goma sha takwas. Ranar da ya kawo jakar ƙarshe, shi ya ce a rubuta a littafi cewa ya gama, a kuma karanta da ƙarfi.

Mai riƙe da littafi

Bayan rikicin aka ga littafin kansa ba ya karantuwa. Hajiya ta kawo shawarar wata yarinya, ɗiyar maƙwabciyarta, wadda ta gama kwaleji tana zaune gida. An yi gardama. Wasu samarin suka ce mace ba za ta duba musu lissafi ba. Liman ya ce ba za ta zauna a fada ba. Aka tsaya a kan za a riƙa kai mata kaye gida kowace safiya, ran Jumma'a kuma ta zo zaure tare da Hajiya ta karanta.

Ta ja layi huɗu a kowane shafi: lambar mita da dare, lambar mita da safe, jarkar kuɗi, jarkar kyauta. Karatunta na farko da ƙyar ake jin muryarta. Bayan wata biyu na ji ta tsayar da sabon shugaba tana cewa, "Yaya, daren Talata jarka goma sha ɗaya ba su fito ba, wa ya kwana?" Ya amsa mata kamar yadda ake amsa wa alƙali.

A nan ne nake ganin mun gaza, kuma ba ƙaramar gazawa ba. Ƴan mata ne ke ɗaukar ruwan nan a ka, su ne ke makara a makaranta saboda shi, amma cikin duk abin da aka yi mace ɗaya ce ta samu wuri, ita ma sai da aka yi rikici. Da aka yi mata aure ta tare wata unguwa, wani yaro ta koya wa littafin, don ba mu tanadi wata ba. Mun tsaya muna tunanin waɗanda muke tsoro, muka manta da waɗanda ba sa tayar mana da hankali.

Inda aka kwana

In an tambaye ni me suka koya, ba na fara lissafa manyan kalmomi. Na ga yaro ya rubuta takardar koke sau uku kafin ta yi kyau, ya kai ofishin ruwa, aka ce ya dawo gobe, ya koma, aka sake cewa gobe, ya sake komawa bai zagi kowa ba. Na ga sun koyi cire hula su yi magana a zaure bi da bi. Na ga an kayar da mutum a zaɓe an kuma sha shayi tare a daren. Waɗanda suka je horon kwana biyar su ne suka kawo maganar a rubuta dokokin fada a takarda, a kuma sa wa shugabanci wa'adin shekara ɗaya, to ka ga horon bai tafi a banza ba. Sai da ya samu abin da zai kama ne kawai ya yi amfani. Ni dai a ganina, da kuɗin rigunan nan da na ɗakin sanyi an sayi kura biyu an damƙa musu tun farko, an kuma sa wanda zai zo duk mako ya ji lissafi, da an fi cin riba.

Ba duka aka tsira da su ba. Cikin goma sha huɗun, biyu sun tafi haƙar zinariya arewa, ɗaya ya wuce Libiya. Ɗaya har yanzu yana fama da ƙwaya, an cire shi daga kwanan aiki bayan ya bar famfo a buɗe ya yi barci, amma ba a kore shi daga tabarma ba. Ɗaya yana gidan kaso a kan wata rigima da ba ta shafi famfo ba. Biyu sun bi mai gyaran famfo da ke zuwa yi musu aiki, yanzu su ake kira in bututu ya fashe a unguwa. Tsohon shugaban ya samu babur na kansa, biya a hankali, kuma wanda ya tsaya masa wajen mai babur ɗin Hajiya ce, da littafin a hannunta, ta buɗe shafin da aka rubuta ya gama biya. An shigo da ƙanne biyar, su ne ke yawancin kwanan aiki yanzu.

Famfon kansa ba wata dukiya yake kawowa ba. Da damina ciniki ya faɗi, don kowa na tarar ruwan sama. Da bazara kuma akwai daren da za a kwana ana jira ko ɗigo bai zo ba. Gidaje masu hali suna ta jawo nasu, wata rana masu saye za su ragu. An dai sayi kura ɗaya, ana kai wa gidaje ruwa da ita, an kuma ware asusun lalura, dala ashirin kowane mutum duk mako.

Yanzu gardamar da ake ciki a kan rarar da ta taru ce. Ƙannen suna son kura ta biyu, don kuɗinta a hannu yake kullum. Manyan suna son tankin roba, a cika shi da dare a sayar da rana lokacin da famfo ya bushe. An yi Jumma'a biyu ana kai ruwa rana ba a gama ba. Mai unguwa ya ce ba ruwansa, kuɗinsu ne. Hajiya kuwa ta ɗaure makullinta a bakin zane, ta ce ko wanne suka zaɓa, ba za ta buɗe kwaɗonta ba sai sun kawo mata farashi daga shago uku, a rubuce. Sun kawo na biyu, na ukun mai shagon ya tafi Kano sai Asabar.